Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi: Magana a kan Jan Jirgin Matsafa

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan fitowa domin in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. Mafarinta kuwa wata gardama ce da ta kaure a ɗakin kwananmu bayan mun kalli fim ɗin yaron nan Harry Potter. Wani abokina, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada ya ce na tona masa asiri, ya buga ƙirji ya ce a cikin duk abubuwan da marubuciyar ta ƙago, babu wanda ya kama ƙafar jan jirgin ƙasan nan mai tuƙa hayaƙi, wanda ke kwasar yara zuwa makarantar matsafa. Na ce masa ai ba ita ta ƙaga shi ba, maƙera ne suka ƙera shi, kuma har lambarsa an sani. Ya ce in daina ɓata wa mutane jin daɗi. Tun da ya hana ni magana a ɗaki, to ga ni na kawo ƙara gaban malamai da 'yan'uwa ɗalibai.

Saboda waɗanda ba su san labarin ba, ga shi a taƙaice. Wata Baturiya ce, J. K. Rowling, ta fitar da littafin farko a 1997, aka mai da shi fim a 2001. A cikinsa akwai wata makaranta ɓoyayya a ƙasar Sikotland, ana ce da ita Hogwarts, inda ake koya wa yara tsafi. Kowace shekara, ran 1 ga Satumba da ƙarfe 11 na safe, yaran sukan taru a tashar King's Cross ta Landan, su ratsa ta cikin bango su ɓullo a wani dandamali da gama-garin mutane ba sa gani, su tarar da jirgi ja wur yana huci yana jiransu. Da'awata ita ce, wannan labari ya ɗauki abin da dubban talakawan Birtaniya suka yi da guminsu da lafiyarsu, ya shafa masa jan fenti ya miƙa wa matsafa, sa'an nan ya kori masu shi daga cikin zancen. Bayan haka kuma ya rufe ƙofa ga injin dizal, alhali kuwa shi ne ya sauke wa waɗannan talakawa shebur daga kafaɗa.

Asalin jan jirgi

Kan jirgin da kuka gani a fim, watau injin da ke jan taragun, sunansa na yanka Olton Hall, lambarsa 5972. An ƙera shi a 1937 a masana'antar Swindon ta kamfanin Great Western, bisa zanen wani injiniya mai suna Charles Collett. Launin gidansu kore ne, kuma hanyar gidansu daga tashar Paddington take fita ta nufi yamma, ba ruwanta da King's Cross balle Sikotland. Ya yi aiki shekara ashirin da shida, yana jan fasinja yana jan kaya, har aka sallame shi a 1963. A 1964 aka sayar da shi ga wani mai yanka ƙarafa, Dai Woodham, a garin Barry na ƙasar Wales, domin a daddatse shi a narke.

Abin da ya cece shi ba sandar tsafi ba ce. Shi Woodham ya ga cewa yanka tsofaffin taragun kaya ya fi sauƙi ya fi kawo kuɗi da wuri, sai ya bar kawunan jiragen jere a fili, ruwa ya doke su rana ta doke su. Wannan jinkiri ya ba masu ƙaunar jiragen tururi damar tara kuɗi da kwabo da sule suna fansarsu ɗaya bayan ɗaya, har suka fitar da 213 daga wannan juji kaɗai. Olton Hall ya shekara goma sha bakwai a can yana tsatsa, sai a 1981 aka fanshe shi. Ku lura da shekarar, jama'a. Saura shekara goma sha shida a buga littafin farko. Ashe waɗanda suka ta da mataccen ƙarfe ya sake numfashi makanikai ne da masu walda da tsofaffin ma'aikatan reluwe, suna yi a ranakun hutunsu. A cikin masu kallon fim ɗin, mutum nawa ne ya taɓa jin labarinsu?

Marubuciya ta amsa laifi da bakinta

Wani zai ce na cika zargi. To, ba sai na yi dogon bincike ba, domin ita kanta marubuciyar ta ba da tarihin yadda matsafanta suka sami jirgin, a wani bayani da ta rubuta bayan littattafan. A faɗarta, hukumar matsafa ce ta shirya wani gagarumin aiki na ɓoye, aka yi asirin mantuwa har sau 167, gari ya waye jirgi ya bayyana a ƙauyen matsafa, su kuwa ma'aikatan reluwe na garin Crewe suka yi ta jin kamar sun ɓatar da wani abu muhimmi, amma sun kasa tuna ko mene ne. An rubuta wannan ne don a yi dariya, kuma an yi.

Ni dai ban yi ba. Crewe gari ne na gaske, jirgin ƙasa ne ya haife shi, masana'antarsa ta fara aiki a 1843, ta ƙera dubban kawunan jirage. Mutum ya kwashe watanni yana dukan ƙarfe, yana ɗaure tukunya da ƙusoshi masu zafi har kunnensa ya toshe, sa'an nan a zo da dare a ɗauke abin da ya yi, a kuma shafe masa tunani don kada ma ya san an cuce shi. Wannan a Hausa sunansa sata, kuma sata ce mai haɗe da raini. A tatsuniyoyinmu Gizo yakan yi sata, amma tsohuwar da ke ba da labarin ba ta taɓa ɓoye wa yara cewa ɓarawo ne, kuma sau da yawa yakan kwana da ciwon duka. A nan kuwa ɓarayin su ne jarumai, wanda aka yi wa satar shi ne abin dariya.

Wa ke hura wutar?

Ku karanta littattafan nan bakwai daga farko har ƙarshe. Za ku haɗu da matar da ke tura keken alewa cikin taragu, za ku ji an ambaci direba a gurguje ba tare da an ko ba shi suna ba. Mai zuba kwal kuwa babu shi. Alhali jirgin tururi tukunya ce kawai a kan ƙafafu: a hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙarfe, ƙarfe ya juya ƙafa. In babu mai shebur, ko taku ɗaya ba zai yi ba.

Bari in gaya muku yadda hanyar King's Cross take a zahiri. Ran 1 ga Mayu 1928 jirgin da ake kira Flying Scotsman ya fara tafiya daga Landan zuwa Edinbara, kusan mil 393, ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba. Yana ɗauke da tan tara na kwal a bayansa. Ruwa kuwa, kwatami aka shimfiɗa tsakanin dogo a wasu wurare, yana gudu yana kamfata. Da yake tafiyar ta fi awa takwas, kuma babu ɗan Adam ɗin da zai iya zuba kwal tsawon wannan lokaci, sai aka huda wata 'yar siririyar hanya ta cikin motar kwal, domin direba da mai wuta na biyu su sunkuyo su karɓi aiki a tsakiyar tafiya jirgi na gudu. Ka tsaya a kan ƙarfe mai girgiza, gabanka wuta tana gasa fuska, bayanka iskar hunturu tana yankar ƙeya, kana jefa kwal shebur bayan shebur, kuma kowane shebur da kusurwar da za ka jefa shi, in ka kuskure wuta ta yi rami tururi ya faɗi. Wannan ilimi ne, ba a kuwa samunsa a wata ɗaya. Yaro yakan shiga ne a matsayin mai goge inji, ya shekara da shekaru cikin toka da baƙin mai, kafin a ba shi shebur, ya kuma ƙara wasu shekarun kafin a ba shi tuƙi, sau da yawa furfura ta riga ta fito.

Ran 3 ga Yuli 1938 wani kan jirgi shuɗi mai suna Mallard, ƙirar Nigel Gresley, ya yi gudun mil 126 a awa a kan wannan hanya, gudun da har yau babu jirgin tururin da ya karya. Direban Joe Duddington ne, mai wutar kuwa Tommy Bray. Gudun ya yi tsanani har wani sashe na injin ya yi zafi fiye da kima, dole aka cire shi daga jirgin a Peterborough. To, ina tsafin da ya fi wannan? Mutum biyu da shebur da ruwan zafi suka tsere wa iska. Kwal ɗin ma ba daga sama yake faɗowa ba. A kudancin Wales, yankin da jiragen Great Western irin su Olton Hall suke samun abincinsu, ramin Senghenydd ya fashe a 1913 ya hallaka mahaƙa 439 a rana ɗaya. Haka gadar nan ta Glenfinnan mai baka 21, wadda jan jirgin ke lanƙwasawa a kanta a fim har zuciyar mai kallo ta yi sanyi, leburori ne suka zuba ta da kankare cikin duwatsu da ruwan sama, aka buɗe hanyar a 1901. Duk wannan an share shi, an bar mana hayaƙi fari tas kamar auduga.

Mene ne laifin dizal?

Yanzu mu zo kan wanda aka hana shiga. Bisa lissafin labarin, Harry ya fara hawa jirgin ne a 1991. A lokacin nan jirgin tururi ya shekara ashirin da uku da barin aikin yau da kullum a manyan hanyoyin Birtaniya, domin a watan Agusta 1968 aka yi masa ban kwana. A 1991 ɗin ma aka gama ja wa hanyar Landan zuwa Edinbara wayar lantarki. Ita kanta marubuciyar, a cikin jirgin da ya makara tsakanin Manchester da Landan a 1990 tunanin labarin ya zo mata, kuma lalle wannan jirgi ba kwal yake ci ba. Amma da ta zo rubutu sai ta koma baya ta ɗauko tururi, saboda a zuciyar Turawan Ingila tururi shi ne mai rai, dizal kuwa akwati ne mai wari.

Wannan ƙiyayya ta girmi Rowling. Wani limamin coci, W. Awdry, ya fara buga labaran jirage masu fuska da magana a 1945, waɗanda suka haifi Thomas ɗin nan da yara ke kallo. Da ya shigo da injin dizal cikin labarin a 1958, sai ya yi shi maƙaryaci mai haɗa husuma. Yaran Ingila suka tashi da wannan karatu: tururi mutumin kirki, dizal munafuki.

To, bari mu auna su da ma'auni. Jirgin tururi, cikin kashi ɗari na ƙarfin kwal ɗin da ya ci, bai cika mai da kashi goma aiki ba, saura duk ta bututu yake fita. Kafin ya tashi sai an kwashe awoyi ana hura shi, in ya dawo sai an kwashe toka, an wanke tukunya, wani lokaci mutum ya rarrafa cikin murhun da bai gama hucewa ba. Hayaƙinsa kuma yana cikin abin da ya haɗu da na gidaje da masana'antu ya turnuƙe Landan a Disamba 1952, har mutum aƙalla 4,000 suka mutu. Dizal kuwa a murɗa shi ya tashi, direba ya zauna a kujera bayan gilashi, ya koma gida da rigarsa ba ta zama gawayi ba.

In kuwa abin al'ajabi ake nema, ga Deltic nan. Guda 22 aka ƙera a 1961 da 1962, suka karɓi aikin kawunan tururi 55 a kan hanyar King's Cross ɗin nan dai. Kowane yana da ƙarfin doki 3,300, daga injuna biyu waɗanda asalinsu don jiragen ruwan yaƙi aka zana su. An jera bututun injin ne a siffar kusurwa uku, kowane bututu da fistan biyu suna karo da juna kamar raguna, kukansa kuwa tun daga nesa ake gane shi. Su suka mai da tafiyar Edinbara awa shida a 1962, suka yi ta yi har farkon 1982. Bayansu InterCity 125, wanda ya fito a 1976, ya yi gudun mil 148 a awa a 1987. Masu sha'awar jirage sukan zauna su yi ta ƙiyasta wane tsohon inji ne ya dace da duniyar matsafa. Ni in an tambaye ni, Deltic zan zaɓa, domin shi ɗan gidan King's Cross ne na haƙiƙa, kuma cikinsa ya fi kowane hatimi ɗaure kai.

Ban ce zuwan dizal alheri ne tsantsa ba. Shirin sabunta reluwe na 1955 an yi shi da gaggawa, aka sayi injuna iri-iri, wasu ba su yi ƙarko ba. An yi almubazzaranci har abin ya ba da haushi: Evening Star, kan tururi na ƙarshe da hukumar reluwen ta ƙera, ya fito daga Swindon a 1960, aka ajiye shi a 1965 yana ɗan shekara biyar. Rahoton Beeching na 1963 ya nemi a rufe tashoshi fiye da 2,000. Mutane da yawa sun rasa aiki, ita ma masana'antar Swindon aka rufe ta a 1986. Amma wannan ma ai hujjata ce. Ga labari cike da dariya da hawaye, ga mutanen da aka sauke wa kaya aka kuma sauke su daga aiki a lokaci guda, marubuci ya tsallake duk wannan ya tafi neman mujiya mai kai wasiƙa.

Amsa ga masu kare ta

Na san abin da abokina zai ce, don ya riga ya faɗa. Na farko, wai tatsuniya ce, ba a tambayar tatsuniya lissafi. Na yarda ba a tambayar ta yadda tsintsiya ke tashi sama. Amma ana tambayar ta wa ta girmama, wa ta wulaƙanta, domin abin da yaro ke ɗauka ke nan ya girma da shi. Miliyoyin yara sun koyi cewa abu mai kyau yakan zo ne da kansa ga wanda aka haifa da baiwa, shi kuwa mai aikin hannu wawa ne da ake shafe wa tunani. Wannan darasi ne, ko an yi niyya ko ba a yi ba.

Na biyu, wai fim ɗin ya jawo wa tsofaffin jirage kasuwa. Gaskiya ne. Masu yawon buɗe ido suna tururuwa zuwa Glenfinnan, 'yar tashar Goathland da aka yi amfani da ita a fim ta yi suna, kuma kuɗin da ake samu yana taimaka wa masu adana jirage. Sai dai jirgin tururin bazara ya fara bin hanyar Fort William zuwa Mallaig tun 1984, kafin a san da wani Harry. Shi kuma Olton Hall, me ya samu? An liƙa masa sunan da ba nasa ba, aka kai shi gidan nunin kayan fim kusa da Landan a 2015, ya tsaya cik, murhu a sanyaye, mutane suna ɗaukar hoto a gabansa. Wanda aka fansa daga juji don ya yi gudu ya koma kayan ado. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Na uku, wai ina ruwan Bahaushe da rigimar jiragen Ingila? Da ruwanmu, domin jiragen nan sun biyo mu har gida. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma kakanninmu ba su manta da aikin diga ba, lokacin da ake tara mutane daga ƙauyuka a tilasta musu haƙa da ɗaukar ƙasa. Masana'antar Vulcan da ta ƙera Deltic, ita ce ta ƙera wa reluwen Nijeriya kawunan tururi masu sunayen kogunanmu tun daga 1948, waɗanda suka yi ta jan gyaɗa zuwa bakin teku. Kwal ɗinsu daga Inugu yake zuwa, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ran 18 ga Nuwamba 1949. Saboda haka idan wani ya nuna mana jirgin tururin Ingila ya ce aljanu ne ke tura shi, mu ne ya kamata mu fara cewa ƙarya ne, mun san masu turawar, wasunsu a maƙabartunmu suke kwance.

Kammalawa

Ban ce a ƙona littafin ba, ban kuma ce kada a kalli fim ɗin ba. Ni ma na kalla, kuma da jirgin ya hau gadar nan sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da nake kira gare shi shi ne mu yi karatu da ido biyu, musamman mu da muke koyon nazarin adabi. Duk inda marubuci ya nuna maka tuwo a akushi, ka tambaye shi wa ya yi noma, wa ya yi daka, wa ya sha hayaƙin murhu. In kuma akwai mai alƙalami a cikinmu da ke sha'awar saka tsofaffin jiragen nan a duniyar tsafi, bismilla, fili a buɗe yake, amma ga shawarata. Ya ba mai wuta suna da uwa da uba. Ya sa yaron da ya fi kowa iya tsafi ya karɓi shebur na awa ɗaya, mu ga ko sandarsa za ta hana bayansa ciwo. Ya bar maƙeran Crewe su farfaɗo daga mantuwa su biyo sawun kayansu har ƙofar makaranta, a yi shari'a. Ranar da tsohon jan jirgi ya gaji a tsakiyar daji kuwa, ya turo Deltic ya jawo shi, yaran su leƙo ta taga su ga wanda suka raina.

Shi kuma abokina, ga fili ga mai doki. Malam Edita ba zai hana shi shafi a fitowa ta gaba ba. Sai dai ina roƙonsa, kafin ya ɗauki alƙalami, ya fara gaya mana sunan wanda ke zuba wa jan jirgin nasa kwal.